Ranar da Na Sa Aka Yi wa Shanun Huɗa Kiɗan Noma

Ba za ni taɓa mantawa da wata safiyar damina ba, zamanin Turawa, 'yan shekaru kafin a ba mu mulkin kai. Ko na so in manta, mutanen garinmu ba su bari. Har yau akwai tsoffin da in sunka gan ni tafe sai su fara tari, su sunkuyar da kai, kafaɗunsu na girgiza. Na san ba mura ke damunsu ba.

Garinmu ɗan ƙauye ne tsakanin Isa da Sabon Birni, kuma mahaifina shi ne Sarkin Noma. Da na ƙare elemantare a Isa, sai labari ya zo cewa En'e, wato hukumar gargajiya, ta fito da wani abu wai shi sukolashif. Za a ɗauki matashi a kai shi makarantar gona can kudu, a ci da shi, a tufatar da shi, a koya mashi noman shanu, in ya ƙare a haɗo shi da shanun huɗa biyu da garmar shanu ya dawo ya koya wa mutanensu. Uban ƙasa ya ce ni za a tura. Da Baba ya ji, sai ya aje galmarsa ta huɗar hannu, ya dube ni tun daga kai har ƙafa.

"Noma za a koya maka? A makaranta? To ni mi nika yi tun ba a haihe ka ba?"

Ya dai bar ni na tafi, don ba a ce wa uban ƙasa a'a. Na bar amaryata a gida, ko wata uku ba mu yi da aure ba, na hau mota ina jin kamar Ingila za ni.

A makarantar nan na haɗu da jarrabawata, wani malami Bayarabe, Malam Lasisi, wanda ke kula da sashen shanu. Kun san tsakanin Bagobiri da Bayarabe. Wasa ne tun na kakanni, kowa na cewa ɗan'uwan bawansa ne, ba a fushi, ba a kai ƙara. Ranar farko da ya hango tsagen fuskata sai ya tafa hannu.

"Alhamdu lillahi! Gwamnati ta aiko mini da bawana har gida."

Tun daga ran nan ban sake shan ruwa da daɗi ba. A makon farko ya kira ni gefe, ya murtuke fuska, ya ce ƙa'idar makaranta ce, kowane sabon ɗalibi sai ya durƙusa ya gaida babban bijimi da safe, ya tambaye shi kwanan iyali, in ba haka ba bijimin ba zai karɓi umurninsa ba. Ni kuwa (ɗan Sarkin Noma guda, mai takardar elemantare) na je na zube gaban sa, na ce, "Ina kwana, yaya gida?" Ina ɗagowa na ga ajinmu duka a bayan shinge, har da masu kwanciya ƙasa don dariya. Daga nan na yi wa kaina alkawari: duk abin da ya fito bakin Bayaraben nan, ko sallama ce, sai na bincika.

Karatu kam na yi shi, kada ku ɗauka wawa ne ni gaba ɗaya. Na iya ɗaura karkiya, itacen nan da ake aza wa shanu a wuya. Na iya daidaita zurfin garma, na iya haɗa taki, na san yadda ake duba kofato da haƙori. Da munka ƙare anka ba ni shanuna biyu, wani ja da wani fari. A ɓoye mu ɗalibai mun sa masu suna Gwamna da Razdan, wato babban Baturen lardi, don ba su komai sai ci da harara.

Ranar da za ni taho Malam Lasisi ya rako ni har bakin mota, yana murmushin nan nasa.

"Bawana, saurara. Shanun nan cikin shinge aka haife su, ba su taɓa jin ganga ba. Na san ku Gobirawa, ko atishawa za ku yi sai an yi muku kiɗa. Kada ka bari a buga ganga kusa da su. Kuma kada ka yi huɗa kai kaɗai, ka sa mutum ya riƙe igiya a gaba har su saba da ƙasarku."

Na dube shi, na ga haƙoransa a waje. A raina na ce, wato so yake in je gida in hana kiɗa, a ce ɗan Sarkin Noma ya zama matsoraci, labari ya dawo ya samu abin dariya na shekara.

"Bayarabe, ka makara," na ce da shi. "Wanga karon ba ka kama ni."

Ya buɗe baki zai ƙara magana, mota ta tashi. Ina ɗaga mashi hannu ina jin daɗin na ci shi wasa.

To, ga abin da ke ƙasa. Baturen gona ya aiko cewa zai zo da uban ƙasa su ga gwaji a gonar Baba. In abin ya yi kyau, za a ba yankinmu gurbin mutum ɗaya kuma a makarantar gona a wannan shekara. In bai yi ba, a kai gurbin wata ƙasa. Wanda anka sa sunansa kuwa shi ne Bawa, ɗan baffana, wanda ya ɗan girme ni. Bawa mutum ne marar hayaniya, yana da mata da 'ya'ya ƙanana, gonarsa faƙo ce mai taurin tsiya, galma ba ta shigarta sai da kuka. Duk shekara hatsinsa kan ƙare tun sanyi bai wuce ba, sai ya ɗauki buhu ya tafi Kurmi cin rani, ya yi dako, ya dawo kamar an wanke shi an matse. Shekarar da ta wuce ma yana can ɗansa na fari ya rasu, sai kabari ya tarar. Shi ya taryo ni a Isa, ya riƙa shafa wuyan Gwamna yana cewa, "In na samu irin waɗanga, ni da Kurmi har abada." Ni kuwa na bugi ƙirji na ce ya ɗauka ya samu.

Ana gobe gwaji Baba ya kira ni zaure. Ya ce ya yi gayya, ya kuma aika wa Illo mai gangar noma, don ba a taɓa taruwa gonar Sarkin Noma ba ganga ba, kuma ba a kansa za a fara ba. Sa'an nan ya tambaye ni.

"Amma shanun nan naka, suna jure kiɗa?"

Wallahi tambayar nan ƙofa ce Allah ya buɗe mini. Sai na rufe ta da hannuna.

"Haba Baba! Shanun makaranta ne hwa. Sun ga mota, sun ga Bature. Ganga mi ce?"

Bawa na gefe. Ya ce a hankali, ko dai a ce wa Illo ya dakata sai an kwance shanu, don shi ya lura ko faɗuwar tulu na sa Razdan zabura. Baba ya ce to, a yi haka. Ni dai na taɓe baki.

Gari ya waye an sha ruwa, ƙasa ta yi laushi tana ƙamshi. Jama'a kuwa ba a magana. Mutanen Bafarawa sun zo, na wajen Alkalawa sun zo, har da fatake daga ƙasar Faransa, wato Nijar ta yanzu, da sunka kwana garinmu sunka fasa tafiya. Fulani sun jeru can gefe, sanduna a kafaɗa, suna kallon shanuna da tausayi, kamar an kama 'yan'uwansu an sa su aikin gandu. An shimfiɗa tabarmi gindin wata tsamiya, uban ƙasa na kan kujera, dogarai a bayansa, Baturen gona na kan tasa kujerar kusa da motarsa.

Sai ga ni. Gajeren wandon kaki mai guga, rigar kaki, doguwar safa har gwiwa, bel mai faɗi, da hular Turawa mai kama da ƙwarya wadda na saya hannun wani kuku. (Ba a ce mu sa hular ba. Ni na ga ta dace da ni.) Na yi gaisuwa, na yi wa jama'a bayani mai tsawo wanda ba wanda ya roƙe ni, sa'an nan na ɗaura shanu. Bawa ya kama igiya a gaba, na kama garma, na ce bismillahi.

Jama'a, layin farko ya fita kamar an ja shi da zare. Ƙasa na kifewa gefe, baƙa wuluk, shanu na tafiya a natse. Munka kai ƙarshe munka juyo, na biyu ya fi na farko. Abin da ƙarti za su wuni suna yi da galma, mun yi shi kafin tsoho ya gama tauna goro. Wuri ya yi tsit. Na saci kallon Baba, na ga ya dafe haɓa. Bature ya ce da Hausarsa ta hanci, "Madalla. Aiki mai kyau ƙwarai." Na ga Bawa ya waiwayo yana murmushi, abin da ban cika gani ba.

Da a nan na tsaya, da yau wani labarin nake ba ku. Amma shirun nan ne ya dame ni. Ni na tashi ina ganin in Baba ya duƙa noma ganga na bin sa, ana kirari, mata na guɗa. Yau ga ni na yi abin da ba a taɓa yi ba a ƙasar Gobir, kuma ba ko tafi? Na hango Illo tsugune, ganga tsakanin ƙafafunsa, yana ta mutsu-mutsu kamar mai jin fitsari. Munka haɗa ido. Ni da kaina, ba wanda ya sa ni, na ɗaga mashi gira.

Bai fara da ganga ba, da baki ya fara.

"Ɗan Sarkin Noma, jikan Sarkin Noma! Wanda ya tahi da ƙahwa biyu ya dawo da goma! Malam mai sa saniya aiki, kai ɗaya ka isa gayya!"

Kai! Na ji kaina ya yi girma har hular ta matse ni. Na ce wa Bawa ya saki igiya ya koma gefe.

"Ka tabbata?" in ji shi.

"Ba ka ji abin da anka ce ba? Ni ɗaya."

Ya ɗan jinkirta, ya miƙo mini. Da na ga hannuwana biyu na kan garma, ba inda za ni riƙe ta, sai dabara ta zo mini (irin dabarar da ba a koyarwa a kowace makaranta). Na zarga igiyar a bel ɗina na ƙulle tam. Na gyara hula. Illo ya ɗaga makaɗi ya sauke.

Ban san ko bugu nawa ya yi ba, na farkon kawai na ji. Razdan ya yi tsalle da ƙafa huɗu, Gwamna ya ɗaga wutsiya sama, sai na ga gona ta taho da gudu ta wuce ni. Da fari ina bin su a guje, ina taku irin wanda ban san ƙafafuna na iyawa ba, garma na tsalle tana watsa mini laka a baki. Illo kuwa da ya ga haka sai ya ɗauka salon makaranta ne, ya ƙara wuta. Mata sunka ɗauki guɗa. Shanu sunka ƙara mai.

"Tsaya, Razdan! Gwamna, don girman Allah! Razdan, ɗan banza, tsaya!"

Haka na riƙa kururuwa, gaban Baturen da ke jin Hausa sarai.

Sai sunka karkata sunka nufi tsamiya. Ban taɓa sanin dogari na iya hawan itace da rawani ba sai ran nan. Uban ƙasa, dattijo mai jiki, ya tattare riga ya zagaya bayan tsamiya da saurin da ya ba kowa mamaki. Bature ya daka tsalle ya haye kan motarsa. Bakin garma ya ɗauki tabarma ɗaya ya tafi da ita, ni kuma a daidai nan ƙafata ta harɗe, na kife. Daga nan ba ni ke huɗa ba, da ni ake yi. Hula ta yi gabas, takalmi ɗaya ya yi yamma, ina ta shan ƙasa da ciki.

Abin da ya cece ni wani kututture ne a bakin gona. Na rungume shi da hannu biyu kamar na ga uwata. Shanu sunka ja, na riƙe, sunka ja. Wani abu dole ya saki, kuma ba kututturen ba ne. Na ji maɓallai na fallewa, na ji iska ta buge ni inda ba ta saba ba. Na ɗaga kai na hango wandona, da bel da komai, yana bin shanu yana tsalle cikin gona, har sunka gangara tabki sunka tsaya shan ruwa abinsu.

Na miƙe a ruɗe, daga ni sai 'yar riga iya cibiya da safa har gwiwa. A makaranta an koya mana sa gajeren wando, ba a ce a riƙa sa wani abu a ƙarƙashi ba. Kututturen nan kuwa yana daidai bakin hanyar da mata ke biyowa da furar gayya. Ga su jere, ƙwarya a ka. Ta gaba duka, wadda ba ta fi taku kaɗan da ni ba, surukata ce. Matar da tun da na auri ɗiyarta ban taɓa yarda mun haɗa hanya ba, in na hango ta sai in faɗa gonar mutane.

Allah ya jiƙan baiwar Allah nan. Ba ta yi salati ba, ba ta yi ihu ba. Ta juya mini baya a natse, ta ɗaga hannu ta zare faifan da ke rufe da furarta, ta miƙo shi ta baya.

"Karɓi, malam."

Na karɓa da hannu biyu, na ma ɗan rusuna, don tarbiyya ba ta barin mutum. Sai dai faifai gefe ɗaya yake rufewa. In na kare gaba, ga mata sun wuce sun koma bayana. In na kare baya, ga uban ƙasa da Bature. Haka na riƙa juya shi ina tafiya a karkace kamar ƙaguwa, har Bawa ya iso ya tuɓe rigarsa ya yafa mini. Sai a sa'an nan Illo ya gane ba salo ba ne, ya aje makaɗi.

Dariya kam an yi ta, har Fulani sun zauna ƙasa. Amma da ƙura ta lafa, Bature ya sauko daga kan mota ya karkaɗe wandonsa, ya ce wa uban ƙasa shanu ba su da laifi, garma ma ba ta da laifi, sai dai yana ganin yankin bai shirya ba tukuna. Gurbin bana za a kai shi wani wuri, baɗi a sake dubawa. Uban ƙasa bai ko dube ni ba. Baba ya ɗauki galmarsa ya shiga gona, jama'a sunka bi shi, anka ƙarasa aikin da hannu.

Na kwana biyu ban leƙo waje ba. Matata ta wanke faifan ta mayar wa uwarta, sai ga ta ta dawo da shi. Wai inna ta ce a aje mini, ba a san gaba ba.

Duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ya hana ni cin tuwo Bawa ne. Na zubar mashi da shekara guda don a yi mini kirari, kuma bai zo ya zage ni ba, da ya zo da na ji sanyi. Ran nan da la'asar na daure na bi ta bayan gari na je gidansa. Na tarar da shi yana ɗinke tsohon buhunsa na tafiya, tun damina ba ta yi nisa ba. Na tsuguna, na fara kame-kame, ina cewa ƙaddara, ina cewa Illo. Ya bar ni har na gaji na yi shiru.

"Gurbi ya tahi," ya ce. "Amma shanun ba su tahi ba, ko?"

Na ce suna nan.

"To gobe da sassahe ka kawo su gonata. Ni za ni riƙe igiya, kuma ba ni saki ko uban ƙasa ya ce in saki." Ya ci gaba da ɗinkinsa, sa'an nan ya ƙara da cewa, "Ka sa wandon gida, mai mazagi."

Haka munka yi daminar nan, ni da shi, ba Bature, ba ɗan kallo sai balbela. Faƙon nan da ya gagari galma, garma ta farke shi. Munka kwashe takin turken shanun munka zuba. Da munka ƙare tasa, sai ga wani maƙwabci ya zo yana sosa ƙeya, wai ko za a ɗan taɓa mashi tasa. Daga shi sai wani. Kafin kaka har Baba ya aiko, ba ni ya aiko wa ba, Bawa ya aiko wa, wai in akwai sarari a biyo ta gonar fadama. Da shekara ta zagayo uban ƙasa da bakinsa ya nemi gurbin, Bawa ya tafi makaranta, bayansa wasu sunka bi.

Amma ni ba wannan ne ya fi tsaya mini ba. Ranar da 'yan cin rani sunka tashi bayan kakar shekarar gwajin nan, na fito na gan su jere bakin hanya da buhunansu suna jiran motar Isa. Na duba, na sake dubawa, ba Bawa. Na zagaya gidansa na same shi zaune gindin rumbu yana saƙar zana, ɗiyarsa ƙarama na hawan bayansa tana ja mashi kunne. Ya ɗago ya ce, "Lahiya?" Na ce lahiya lau, wucewa nake. Na yi sauri na wuce, don ba na son ya ga idona.

Abin da na koya dai shi ne, karatun da anka kashe wa ɗawainiya anka ba ni bai amfani kowa ba sai da na daina neman a gan ni da shi. Kuma duk mai son a yi mashi kirari, ba na hana shi, daɗi gare shi, na ɗanɗana. Shawarata kawai, ya bari sai ya kwance shanu tukuna.